Daga Zalika Sule Zuwa Holiwud: Me Ya Sa 'Yan Wasa Ke Tsufa Hannu Rabbana?

Duk mai cin kasuwar Filinge, ko ta Balleyara, ko ƙananan kasuwannin ƙauyukanmu na Kurfai, ya san rumfar samarin nan masu cajin waya da tura finafinai. Da la'asar sakaliya, idan ciniki ya fara lafawa, za ka ga mai goro da mai kayan miya da mai atamfa sun miƙa wayoyinsu ana zuba masu fim, wani na Kano, wani na Indiya da aka fassara, wani kuma na Amurka mai harbe-harbe. 'Yan kuɗi kaɗan ake biya, a tafi gida da abin kallo na mako guda. To amma ita wannan wayar ce kuma, lokaci zuwa lokaci, take kawo mana hoton wani tsohon ɗan wasa kwance a kan tabarma, ciwo ya ci ƙarfinsa, ana roƙon jama'a su taimaka da kuɗin magani. Sai mu ce Allah sarki, mu tura wa na gaba, mu koma kan cinikinmu.

Abin tambaya a nan shi ne, yaya za a yi mutumin da dubban dubatan jama'a suka san fuskarsa, wanda hajarsa ke shiga kowane gida daga Shikal har Kano, ya wayi gari ba shi da kuɗin allura? Wasu za su ce almubazzaranci ne, wasu su ce alhakin sana'ar ne. Mu dai a namu nazarin, magana ce ta kasuwa tsantsa, kuma babu wanda ya kai ɗan kasuwa saurin gane ta. Don haka a yau za mu bi rayuwar wata 'yar ƙasarmu, marigayiya Zalika Sule, mu gwama ta da ta wani ɗan wasan Amurka, sannan mu dawo gida mu duba abin da ya shafi rumfunanmu.

Yarinyar da ta sa hular kaboyi

An haifi Zalika Sule a Yamai a shekarar 1947. Ba ta cika shekara 20 ba lokacin da Mustafa Alasan, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa harsashin silima a Nijar, ya sa ta a fim ɗinsa na 1966 mai suna Le Retour d'un aventurier, wato dawowar ɗan yawon duniya. Labarin wani saurayi ne da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, huluna da takalma da bindigogi, ya rarraba wa abokansa. Kowa ya ɗauki sunan Turawa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu da sata da faɗa, suna kwaikwayon abin da suke gani a majigi. Zalika ce macen da ke cikin gungun, tana amsa sunan Sarauniya Kiristin. Mai karatu zai lura cewa tun shekaru 6 bayan samun 'yancin kai, wani ɗan ƙasar nan ya riga ya ja kunnenmu a kan abin da fim ɗin Amurka ke yi wa tunanin yaranmu.

Wannan kwaikwayo kuwa ba ƙirƙira ba ce. Umaru Ganda, wanda daga baya ya zama babban mai shirya finafinai, ya yi soja a rundunar Faransa a yaƙin Indosin, ya dawo ya tafi Abijan yana dako a tashar jiragen ruwa, irin dai cin ranin da samarin Kurfai ke zuwa har gobe. A can ne Bafaranshen nan Jean Rouch ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958, inda ya fito da sunan Edward G. Robinson, wani shahararren ɗan wasan Amurka. Samarinmu na unguwar Treichville suna kwana da yunwa, amma suna kiran juna da sunayen taurarin Holiwud, domin a ganinsu duk wanda ya fito a majigi ya gama da talauci.

Ganda ne ya fi kowa fito da baiwar Zalika. Ta fito a fim ɗinsa Cabascabo, wanda aka nuna a bikin Cannes na Faransa da kuma birnin Mosko a 1969. Ta fito a Le Wazzou polygame, labarin wani Alhaji da ya ƙara aure da ƙarfin kuɗinsa, inda ta zama kishiyar da zafin kishi ya kai ta ga kisan kai. Wannan fim shi ne ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a shekarar 1972, wato kafin Senegal ko Mali ko Najeriya su taɓa ɗaga wannan kambu, Nijar ce ta ɗaga shi. Ta kuma fito a Saitane da L'Exilé na Ganda, da Si les cavaliers na Mahaman Bakabe, da Aube noire na Jingare Maiga. Masana tarihin silima na sanya ta a sahun farko na matan Afirka baƙar fata da suka ɗauki wasan fim a matsayin sana'a.

Sai dai yayin da ake tafa mata a ƙasashen waje, a gida wani abu daban take gani. Yawancin matsayin da ake ba ta na mugayen mata ne, karuwa ko kishiya mai makirci, jama'ar wancan lokaci kuwa da yawa ba su raba wasa da gaskiya. An zage ta, an yi mata kallon 'yar iska, alhali ita aiki aka ba ta ta yi, kamar yadda ake ba tela yadi ya ɗinka. Iyayenmu mata da suka fara fita kasuwa a zamanin da ake ganin fitar mace abin kunya ne, sun san ɗacin irin wannan baki.

A shekarar 2004 wata 'yar ƙasar nan, Rahmatu Keita, ta fitar da wani fim na gaskiya a kan rayuwar Zalika mai suna Al'lèèssi, wanda aka nuna a Cannes a 2005. Abin da duniya ta gani a ciki ya girgiza mutane: tauraruwar da ta zagaya ƙasashe tana wakiltar Nijar, ga ta a wani ɗan gida a Yamai ita da 'ya'yanta, ba ruwan famfo, ba wutar lantarki, tana fafutukar abin da za a ɗora a murhu. A shekarar 2000 sai da ta bar ƙasa ta tafi ƙetare ta yi aikatau. Allah ya yi mata rasuwa ranar 27 ga Yulin 2021, tana da shekara 73.

Mai rumfa ke cin riba

To ina kuɗin suka tafi? Kowace mai sana'ar ƙosai ta san cewa iya suya daban, samun wurin zama a bakin tasha daban. A shekarun da Zalika ke tashe, gidajen silima na ƙasashen da Faransa ta rena suna hannun wasu kamfanonin Faransa guda biyu ne, COMACICO da SECMA. Su ke da majigi, su ke shigo da finafinai, su ke yanke wanda za a nuna. Suna samun tsofaffin finafinan Amurka da Faransa da Indiya da araha, waɗanda tuni suka mayar da uwar kuɗinsu a wasu ƙasashe, saboda haka ba su da wani dalilin ba fim ɗin gida fili ko farashi mai kyau. Makwabciyarmu Burkina Faso, lokacin tana Haute-Volta, sai da ta ƙwace gidajen silimarta daga hannunsu a 1970. Ke nan 'yan fim ɗinmu sun yi haja mai kyau, amma kasuwar ta wasu ce.

Bayan wannan sai matsaloli suka biyo juna. Umaru Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981. A daidai waɗannan shekaru farashin yuraniyom ya faɗi, baitulmalin gwamnati ya yi ƙasa, ɗan tallafin da ake ba al'adu ya ƙafe. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, abin da duk ɗan kasuwar da ya kai shekara 50 ba zai manta ba, domin dare ɗaya kayan waje suka ninka kuɗi. Kayan ɗaukar fim da na wanke shi kuwa duk daga waje ake sayo su. Ga kuma kaset ɗin bidiyo ya shigo, kowa ya koma kallo a gida ko a rumfar unguwa, tsofaffin gidajen silima suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fi duka waɗannan cutar da ɗan wasa shi ne yanayin biyansa. Ana sallamarsa ne sau ɗaya, ranar da aka gama aiki, tamkar ɗan ƙodago a gona. Ko za a shekara 40 ana nuna fim ɗin, ba shi da ko dala a ciki. Ɗan ƙodago da ya yi noma ya karɓi ladansa, ba ya da rabo a rumbu. Idan damina ta wuce kuma ƙarfinsa ya ƙare, sai abin da Allah ya yi.

A Amurkar ma haka take

Kada mai karatu ya zaci wannan ciwon talakawan ƙasashe ne kawai. Mu ɗauki Geoffrey Owens, wani baƙar fatan Amurka da aka haifa a 1961 a birnin New York. Ɗan babban gida ne, mahaifinsa ya yi shekaru yana ɗan majalisar wakilan Amurka, shi kuma ya yi karatu a jami'ar Yale, ɗaya daga cikin mafiya daraja a ƙasar. Daga 1985 zuwa 1992 ya fito a shirin talabijin mai suna The Cosby Show a matsayin surukin gidan, shirin da a wancan lokaci babu wanda ya kai shi yawan masu kallo a Amurka. Bayan an rufe shirin ya ci gaba da samun ƙananan ayyuka nan da can a finafinai da talabijin da dandalin wasan kwaikwayo, yana kuma koyar da wasa, amma aiki mai ɗorewa ya ƙi samuwa.

A ƙarshen watan Agustan 2018 sai wata mata ta gan shi a wani kantin kayan abinci na kamfanin Trader Joe's a jihar New Jersey, yana karɓar kuɗi yana zuba wa mutane kaya a jaka. Ta ɗauki hotonsa, wasu manyan jaridu suka buga da sigar tonon silili, wai ku zo ku ga yadda tauraro ya koma. Ashe ya shafe watanni 15 yana wannan aiki don ciyar da iyalinsa. Maimakon ya ɓuya, sai ya fito a talabijin da alamar sunansa ta kantin a maƙale a ƙirji, ya bayyana cewa babu aikin da ya fi wani daraja. Jama'a suka juya wa jaridun baya. Tyler Perry, wani attajirin mai shirya finafinai, ya ba shi aiki. Mawaƙiya Nicki Minaj ta aika masa da dalar Amurka 25,000, ba dalarmu ta sefa 5 ba, wato kimanin sefa miliyan 14 a canjin lokacin, shi kuma ya miƙa su gaba ɗaya ga asusun taimakon 'yan wasa. A ƙarshen 2024 ya sake faɗa wa duniya cewa har lokacin faɗi-tashin neman abinci yake yi.

Mu 'yan kasuwa ya kamata wannan labari ya tsaya mana a rai, domin abin da aka yi wa mutumin nan dariya a kai shi ne abin da muke yi daga safe zuwa dare: tsayuwa a bayan tebur, ƙirga canji, ɗaure wa mai saye kaya. Idan tsayuwar kanti abin kunya ce ga ɗan wasa, to mu da muka gaje ta daga iyaye fa? Babu kunya ga wanda ya nemi halalinsa. Masu kunya su ne waɗanda suka ci moriyar aikinsa suka bar shi.

Duk da haka akwai tazara mai faɗi tsakanin Owens da Zalika, kuma ba arzikin Amurka kaɗai ya kawo ta ba. 'Yan wasan can sun daɗe da gane cewa ɗai-ɗai ba za su iya da masu kamfani ba. Tun 1921 manyansu irin su Mary Pickford da Charlie Chaplin suka kafa asusun agaji, wanda ya faro da 'yan akwatunan jefa sulalla a wuraren aiki, daga baya ya gina gidan kula da tsofaffin ma'aikatan fim a jihar Kalifoniya. A 1933 suka kafa ƙungiyar ƙwadago. A 1960 suka shiga yajin aiki a ƙarƙashin shugabancin Ronald Reagan, wanda a lokacin ɗan wasa ne kafin ya zama shugaban Amurka a 1981. Wannan yaji ya samar masu abu biyu: asusun fansho da na lafiya, da kuma haƙƙin cewa duk sabon fim ɗin da aka sayar wa gidan talabijin, ɗan wasa na da wani kaso a ciki. Wato sun samu rabo a rumbu.

Irin wannan kaso ne ya riƙa taimaka wa Owens shekaru da dama, sai da tashoshi suka janye maimaita shirin saboda zarge-zargen da aka yi wa Bill Cosby daga 2014, kuɗin suka ja baya, laifin wani ya shafi tukunyar wani. Sannan kasuwar ma ta canja. Kallo ya koma kan intanet ta hanyar kamfanoni irin su Netflix, waɗanda tsarin biyansu bai kai na talabijin tsoka ba. Wannan ne ya sa ƙungiyar SAG-AFTRA mai mambobi kimanin 160,000 ta shiga yajin aiki daga 14 ga Yuli zuwa 9 ga Nuwamban 2023, kwana 118 cur. A lokacin ne duniya ta ji cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na mambobin ba sa samun dalar Amurka 26,470 a shekara daga wasa, wanda a wancan lokaci shi ne mafi ƙarancin abin da mutum zai samu kafin ya shiga inshorar lafiyar ƙungiyar. Sun fito daga yajin da ƙarin lada, da wani kari idan shiri ya samu masu kallo da yawa, da sharaɗin cewa ba za a yi amfani da kwamfuta a ƙera kamannin ɗan wasa ko muryarsa ba sai da izininsa da biyansa.

A taƙaice, a Amurka ma 'yan kaɗan ne ke hawa manyan motocin da muke gani a hotuna, sauran suna haɗawa da tuƙin tasi da aikin gidan abinci. Bambancin dai shi ne, idan ɗayansu ya faɗi akwai inda zai dafa, kuma su suka gina wurin da hannunsu.

Kano ba ta tsira ba

Yau finafinan Kano ne suka cika wayoyinmu, saboda haka dole mu leƙa can. Tun daga Turmin Danya na 1990 masana'antar ta bunƙasa a kan kaset da faifai, kuma dillalan kasuwar Ƙofar Wambai ne ke riƙe da wuyanta. Da tura fim ta waya ya zo, wannan kasuwa ta durƙushe, masu shirya finafinai suka koma kan YouTube da tashoshi irin su Arewa24 da ta fara aiki a 2014. Amma tsarin sallamar ɗan wasa sau ɗaya bai canja ba. Idan ba a manta ba, a watan Fabrairun 2022 dattijuwar 'yar wasan nan Ladin Cima ta shaida wa sashen Hausa na BBC cewa naira dubu 2 zuwa dubu 5 ake ba ta a fitowa. Wasu manyan masana'antar, ciki har da Ali Nuhu da Falalu Ɗorayi, suka ce su sun biya ta fiye da haka nesa ba kusa ba. Ba mu zo raba gardama ba. Abin lura shi ne, gardamar ta yi tsawo ne saboda babu takardar da za a ɗauko a duba. Cinikin baka ne, mu kuwa mun san yadda cinikin baka ke ƙarewa idan aminci ya yi ƙaranci.

A nan gida Nijar akwai wani misali da ya kamata iyaye su duba. Waɗanda suka kalli Tele Sahel a zamanin mulkin Seyni Kunce, ɗan Fandu ta nan yankinmu na Filinge, ba za su manta da wasannin Hausa na Yazi Dogo da abokan aikinsa ba, lokacin da samariya ke gasar wasan kwaikwayo gari-gari. Yazi Dogo malamin makaranta ne, kuma da yawa daga cikin 'yan wasan wancan zamani suna da aikin da suke dogaro da shi, wasa kuma suna yi ne a gefe. Wanda ke da wata igiyar a hannu, ko guga ɗaya ya tsinke ba ya kwana da ƙishirwa.

Ina ruwanmu?

Mun san wani zai ce, ana fama da tsadar hatsi da rashin tsaro a hanyoyin Tillaberi, wa ke ta 'yan fim? Wani kuma zai ce shi bai ma yarda da sana'ar ba. Kowa na da hujjarsa, kuma ba mu musun cewa akwai finafinan da ba su dace a nuna wa yara ba, akwai kuma 'yan wasan da suka samu suka watsar. Amma duk wanda ke kallo ya riga ya shiga cinikin, masu iya magana kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuɗin da muke biya a rumfar tura fim suna tsayawa ne a hannun yaron da ya tura, wanda shi ma neman abincinsa yake, ba ko tamma da ke isa ga wanda ya yi wasan. Da wani zai riƙa ɗibar gero daga buhunmu yana sayarwa a bakin rumfarmu, ai da tuni mun kai ƙara wurin sarkin kasuwa.

Na biyu kuma, wanda shi ne ainihin dalilin wannan rubutu, halin da Zalika ta shiga shi ne ke jiran mafi yawanmu. Asusun CNSS na ma'aikatan albashi ne. Mai tuwo-tuwo da mai saida nono da dillalin dabbobi da mai tebur ba su da fansho, ba su da inshorar lafiya. Sunan da mutum ya yi a kasuwa kamar sunan ɗan wasa yake: muddin kana fitowa ana yi da kai, ranar da gwiwa ta ƙi ɗaukarka zuwa kasuwa, masu saye sai su matsa rumfa ta gaba. Mu nawa muka san wata Hajiya da a da ita ke ba rabin layi bashin kaya, yau kuwa jinya ta wata 3 ta cinye jarin ƙurmus? In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin farin ciki shi ne, maganin ba sai mun je Holiwud nemansa ba. A shekarar 1991 a jihar Maradi aka fara tsarin Mata Masu Dubara tare da ƙungiyar CARE, inda mata ke haɗuwa duk mako suna zuba ɗan abin da ya sawwaƙa a akwati, suna ba juna rance, ƙarshen zagaye a fasa a raba. Da yawa daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi suna ware wani ɗan asusu daban na taimakon wadda ciwo ko gobara ko rasuwa ta afka wa. Wannan dubara ta matan Nijar ta bazu zuwa ƙasashe masu yawa a Afirka da Asiya. Idan aka duba da kyau, ita ce dai akwatin sulallan da su Chaplin suka ajiye a 1921. Illa dai adashinmu ya fi karkata ga biki da suna da kayan ɗaki, bai cika tunanin tsufa ba.

Saboda haka muna ba da shawarwari kamar haka. Ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na mata a Filinge da Shikal da sauran garuruwan Kurfai, a ware wani kaso na kowane zubi wanda ba za a taɓa ba sai don jinya ko gajiyawar mamba, a rubuta shi a littafi, a sa mutum fiye da ɗaya a kan makulli. Ga 'yan wasa da mawaƙanmu, su daina karɓar aiki da baka, su nemi takarda ko da shafi ɗaya ce, su kuma yi rajistar ayyukansu a hukumar kare haƙƙin mawallafa ta BNDA. Ga samarinmu masu tura finafinai, su haɗa kansu su nemi hanyar biyan wani abu ga masu haja, domin idan masu shiryawa suka karye, su ma ba abin da za su tura. Ga hukumar silima ta ƙasa, CNCN, da ma'aikatar al'adu, karramawar da ta fi amfani ita ce wadda ta riski mutum da ransa. An sa wa babbar cibiyar al'adu ta Yamai sunan Umaru Ganda, hakan ya yi kyau, amma suna a bango bai taɓa sayen magani ba. A kuma nemo finafinan su Zalika a zagaya da su gidajen matasa na garuruwa, domin akasarin yaranmu sun san Rambo da Kwamando amma ba su taɓa ganin fuskarta ba.

Ga iyaye kuma, idan yaro ko yarinya ta zo da maganar fim ko wasan barkwanci a TikTok, zagi da kora ba su cika hana abin ba, sai dai su sa a yi shi a ɓoye. Gara a zaunar da yaro a ba shi labarin Zalika Sule da na Geoffrey Owens, a ce masa ya riƙe karatunsa ko ɗinkinsa ko teburinsa da hannu biyu, ya kuma tambayi duk wanda ya kira shi aiki nawa ne ladan, yaushe za a biya, wa kuma ke da fim ɗin bayan an gama. Tambayoyin da muke yi ke nan kafin mu sauke kaya daga mota, bai kamata 'ya'yanmu su kasa yin su ba.

Allah ya jiƙan Zalika Sule da Umaru Ganda da Mustafa Alasan da sauran magabatanmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kawo mana zaman lafiya da damina mai albarka, ya sa mu gama da sana'o'inmu cikin rufin asiri. Amin.